Lahadin da Iska Ta Juya

Douwe na tsaye a gaban cocin ƙauyen, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a kan feda, ya ɗaga kai yana kallon zakaran ƙarfen da ke ƙololuwar hasumiya, mai nuna inda iska ke fitowa. 'Yan ƙungiyar keke ta Lahadi sun yi cirko-cirko a bayansa suna jira, wannan na gyara hular kwano, wancan na hamma. Ya daɗe yana kallo, ya duba inda ganyen bishiyoyin maƙabarta suka karkata, sannan ya sauke kai.

"Daga yamma take," in ji shi. "Mu bi gindin ganuwar teku."

Renske, 'yar ƙanwarsa, ta matso da kekenta kusa da nasa. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ke kiran canji in an hau hanya. Ta rage murya don kada kowa ya ji, amma kowa ya ji.

"Kawu, waya ta ce da rana za ta juya ta dawo daga gabas."

"Wayar ta taɓa hawa keke?"

"Ba ta taɓa ba," in ji Harm mahauci daga baya, "amma kuma ba ta taɓa kai mu tsakiyar gonar dankali ba."

"Sau ɗaya ne, kuma hazo ne ya rufe hanya. Kai dai ka ji da cikin nan naka, sirdi na kuka."

Aka yi dariya, aka hau. Ba wanda ya sake tada maganar waya.

A nan arewacin Holan ƙasa shimfiɗe take kamar faifai, ba tudu ba gangare, iska ce tudunmu. Don haka doka ta farko ko yaro ya san ta: ka fita kana fuskantar iska tun da sauran ƙarfinka, ka dawo tana tura ka gida. Gane inda za ta kaɗa shi ne aikin Douwe tun da aka kafa ƙungiyar, shekara talatin da wani abu. A gida, tun da ya ajiye tuƙin motar madara, aikinsa bai wuce fitar da shara da yi wa matarsa Geesje tsaye a hanya ba. Amma ranar Lahadi da safe mutum goma sha wani abu kan tsaya shiru har sai ya buɗe baki. Shekarunsa saba'in da ɗaya, kuma abin da ya rage masa ke nan.

Doka ta biyu ba a faɗinta. A hanya layi biyu ake yi, na gaba su sha iska, na baya su fake, in an kira canji na gaba su kauce su koma ƙarshe. Duk wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukar gaba, ba mai ce masa ya tafi. Shi da kansa, ranar da ya ga dama, in an dawo shagon kofi na Aukje, maimakon kowa ya sayi yankansa na kek ɗin tuffa, sai ya ce a kawo kek ɗin gaba ɗaya, shi zai biya. A ci, a yi hira kamar kullum, a watse. Lahadi mai zuwa ba za a gan shi ba. Sai dai ranar Talata a hango shi cikin ayarin tsofaffi masu keke mai batir, suna tafe zaune a miƙe, ba gumi ba haki.

Douwe ne ya ƙirƙiro wannan al'ada, kuma yana alfahari da ita, don a cewarsa ta fi kora mutunci. Abin da bai cika son a tuna ba shi ne yadda ta ƙare da Wobbe, abokinsa tun suna firamare. Wobbe ya yi ta jan ƙafa, wata da watanni ana tura shi da hannu a baya, har wata Lahadi Douwe ya gaji ya ce a gaban kowa, "Aukje, kek ɗin nan naki ba ya lalacewa in ya daɗe yana jiran mutum?" A ranar Wobbe ya saya. Douwe bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa shi kam ranar da hannun wani ya taɓa bayansa, ranar zai rataye kekensa. Baki shi kan yanka wuya, amma a lokacin wuyan Douwe kauri gare shi. Tun daga nan gaisuwarsu da Wobbe ba ta wuce ɗaga yatsa in an haɗu a hanya.

Tafiyar ta fara daidai. Suka fita ƙauye, suka bi siririyar kwalta tsakanin gonakin dankali da na albasa, magudanar ruwa a dama, wata a hagu. Iska na dukan fuska amma ba da mugunta ba. Renske na kiran canji, layi na juyawa. Da Douwe ya zo gaba, sai ga su sun shiga jerin dogayen bishiyoyin gonar Jelle, iska ta lafa, ya ja ayarin da kyau har ya ji daɗin kansa. Karo na biyu ya faɗo daidai inda hanya ta kwanta a bayan rumbunan wata gona. Ya ce a ransa yau ƙafafu sun tashi da ƙafar dama. Gwiwarsa ta hagu ce kawai ke ɗan yi masa magana, ita kuwa ta saba surutu.

A ƙarshen hanya suka jingina kekuna, suka hau kan ganuwar da ta tare teku, suka zauna cikin kashin tumaki suna cin burodi da cuku. Teku ta janye, ba abin gani sai laka har iyakar ido. Harm na ba da labarin wata mata da ta dawo masa da tsiran alade wai ya yi gajarta.

Douwe ne ya fara ji. Iskar da ke dukan kuncinsa na hagu ta yi shiru. Ciyawar kan ganuwa ta miƙe tsaye na ɗan lokaci, sannan a hankali ta kwanta ta ɗaya gefen, tana nuna yamma. Ya ci gaba da taunar burodin da ya daina ji masa ɗanɗano. Ya jira Renske ta ce wani abu. Ba ta ce ba, sai ninke takardar burodinta take yi ƙanana-ƙanana. Da ta yi masa gori da ya fi masa sauƙi.

"To," in ji Harm yana miƙewa, "yau mun sayi iska biyu da kuɗin ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya sosai.

Komawar ta zama aiki. Iskar gabas ba irin ta safe ba ce, busasshiya ce mai naci, kuma a wannan fili babu abin da zai tare ta tun daga Jamus. Hira ta mutu. Kowa ya dunƙule a kan kekensa, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da numfashi. Douwe yana tsakiya, a fake, amma duk da haka cinyoyinsa sun fara zafi. Ya sauke giyar keken, ya sake saukewa, ya taɓa ya ji babu sauran ta saukewa.

Layi na ta juyawa har ya zama saura mutum ɗaya a gabansa. Hanya ta miƙe fetal, ko kututture babu. Renske ba ta kira canji ba. Na gaba, wani saurayi malamin makaranta, ya waiwayo yana haki, ta girgiza masa kai. Ya ƙara ja, ya sake waiwayowa, sannan ƙarfinsa ya ƙare ya kauce da kansa.

"Ba yanzu ba," Harm ya ɗaga murya daga baya. "Renske, ai ba mu kai bishiyoyin Jelle ba tukuna."

Sai da maganar ta fita ya gane abin da ya faɗa. Douwe ma ya gane. Bishiyoyin Jelle, rumbunan gona, bayan katangar tsohon gidan zuhudu a makon jiya, lungun ƙauye a wancan makon. Tun farkon bazara duk lokacin da ya zo gaba sai ya tarar da abin fakewa, shi kuma yana komawa gida yana ce wa Geesje har yanzu yaran nan ba su kamo shi ba. Ashe lissafa masa hanya ake yi kamar yadda ake lissafa wa majinyaci magani. Kunya ta rufe shi, irin wadda ke sa kunnuwa zafi ko cikin sanyi.

"Kawu, koma baya, ni zan ja," in ji Renske.

"Layina ne."

Ya sunkuyar da kai ya shiga iska. Ya ba ta duk abin da yake da shi. Ya ji ayarin na bayansa sun daina taka feda, tayoyinsu na ƙarar nan ta wanda ke gangarawa ba aiki, wani har yana taɓa birki don kada ya hau shi. Gwiwa ta daina magana ta koma ihu. Hasumiyar wani tsohon coci da ke kan ɗan tudu, wadda ya sa wa ido a matsayin iyaka, ta ƙi matsowa. Numfashinsa ya koma gajere, gefen idanunsa ya fara duhu.

Sai ya ji tafin hannu a ƙugunsa, mai ɗumi, mai ƙarfi. Keken ya yi sauƙi nan take, kamar an sauke masa buhu. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne daɗin da jikinsa ya ji, tun kafin zuciyarsa ta ce a'a.

"Cire hannunki."

"Kawu, har coci kawai."

"Na ce ki cire."

Ta cire. Ya lallaɓa da kansa har gindin tudun, ya sauka. Ayarin ya tsaya a bakin hanya, kowa ya sami abin dubawa a jikin kekensa.

"Ku wuce," in ji shi. "Zan huta."

"Ba a barin mutum a hanya," in ji Harm. "Kai ka kafa dokar."

"To ni na ɗage ta yau. Ku tafi kafin kofin Aukje ya ƙare."

Renske ta dubi ƙofar cocin da ke buɗe, ta dubi wani ƙaton keke mai batir da ke jingine a jikin shinge, da jakunkuna biyu a bayansa. Sannan ta ce, "Mu je," suka tafi. Douwe ya yi mamakin saurin yardarta, amma gajiya ba ta bar shi ya bi zaren ba.

Ya zauna a kan katangar maƙabarta. Shekara talatin yana wuce wannan tudu, a wurinsa alamar hanya ce kawai, inda ake karya kwana. Kakanninmu ne suka tara ƙasar da hannu tun kafin a yi ganuwa, in teku ta taso su hau da shanunsu su jira ta koma. Yanzu baƙi ne ke hawa da kyamara. Wasu Jamusawa biyu suka fito daga cocin, suka gaishe shi, suka dube shi da tausayin da bai roƙa ba.

"Ka mutu ne, ko sauran kaɗan? In ka mutu ka matsa ciki, nan bakin hanya ne."

Wobbe ne, da ƙaton mabuɗin ƙarfe a hannu. Ya ƙara ƙiba, ya sa wata rigar ruwa mai faɗi kamar tanti. Sai a sannan Douwe ya tuna an ce shi ke buɗe wa baƙi cocin ranar Lahadi.

"Hutawa nake."

"Na gani. Tun daga taga na hango ka kana jan su. Na ɗauka jana'iza ce."

Wobbe ya kulle ƙofa, ya sauko a hankali, ya zaro gorar shayi daga jakar keken nan mai batir ya zuba masa a murfi. Shayin ya sha sukari fiye da kima, Douwe ya shanye tas.

"Ka ce yamma," in ji Wobbe.

"Da safe yamma ce."

"Kullum da safe yamma ce." Ya karɓi murfin ya girgiza. "Yarinyar ce ta tura ka?"

"Wa ya gaya maka?"

"Fuskarka. Ni na san fuskar nan, na daɗe ina aske mata gemu."

Iska na kaɗa ciyawar kaburbura. Douwe ya so ya ce wani abu game da waccan Lahadin da maganar kek, ya juya ta a baki ya rasa ta inda zai kama. Mutanenmu ba su iya irin wannan magana ba, sun fi iya gyara maka taya.

"Tashi," in ji Wobbe. "Jikinka zai sandare. Ka kama bayana."

"Bayan wannan injin wankin?"

"To zauna. Gobe Litinin mai yankan ciyawa zai zo, sai ya kai ka gida a amalanke."

Douwe ya hau kekensa. Wobbe ya danna wani abu a hannun kekensa, keken ya yi ɗan kuka ya ɗauki hanya, shi kuwa zaune a miƙe, rigar ruwa ta buɗe ta cika hanya. Douwe ya manna tayarsa ta gaba a bayan ta Wobbe, tazarar tafin hannu, yadda suka saba tun suna samari. Iska ta ɓace. A duk shekarunsa na keke bai taɓa samun mafaka irin wannan ba, kuma ya tsani hakan har cikin ransa. Ƙafafunsa kuwa ba ruwansu da abin da ya tsana, juyawa kawai suke suna godiya.

"Ya gudun?" Wobbe ya tambaya ba tare da ya waiwayo ba.

"Rage kaɗan."

Wobbe ya rage. Suka wuce rumbunan gona, suka wuce bishiyoyin Jelle, waɗanda yanzu ba su tare komai ba. A wata kwana Wobbe ya nuna rami da yatsa a ƙasa, irin alamar da ake yi wa na baya a ayari. Shekaru bai hau keken tsere ba, amma hannun bai manta ba. Wannan ɗan yatsan ne ya kusa sa Douwe hawaye, sai ya ɗora laifin a kan iska.

Kekunan ƙungiya na jere a jikin shagon Aukje. Douwe ya jingina nasa a ƙarshe. Wobbe ya tsaya bai sauka ba.

"To, na kawo ka. Ni na wuce."

"Shigo."

"Ni ba ɗan Lahadi ba ne."

"Ka shigo, na ce. Kada ka sa in roƙe ka, ba ni da numfashin."

A ciki suna zaune a dogon teburinsu na bakin taga. Kofuna duk sun zama fanko, amma ba faranti ko ɗaya a gaban kowa. Sun jira shi. Harm ya ga Wobbe, ya jawo masa kujera. Renske ba ta ɗago ba, tana juya cokali a kofin da ba komai cikinsa.

Aukje ta zo tana goge hannu a jikin rigar aikinta. "Sannunku da iska. Yanka nawa zan kawo?"

Douwe ya cire hular kwano ya ajiye a kan gwiwa. Gashinsa ya manne da gumi. Gajiya ta zauna masa a ƙashi, irin wadda barci ɗaya ba ya cirewa.

"Kada ki yanka," in ji shi. "Kawo shi gaba ɗaya."

Aukje ta tsaya kaɗan, sannan ta juya ta tafi. Renske ta ce, "Kawu, iskar yau ko wa ta samu..." ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Al'ada ta ce a yi hira kamar kullum, don haka Harm ya share murya ya koma kan matar nan mai tsiran alade, ya faro labarin daga farko kamar ba a taɓa ji ba. Aka taya shi da dariya, kowa na iya ƙoƙarinsa.

Kek ya iso da wuƙa a gefe. Douwe ya yanka da kansa, ya tura yankan farko gaban Wobbe. Wobbe ya dubi farantin, ya dubi abokinsa, ya ɗauki cokali.

"Ya daɗe yana jira," in ji shi, "amma bai lalace ba."

Douwe ya karɓi wannan, don ya san bashi ne. Ya raba wa sauran, ya bar wa kansa ɗan siriri. Da hira ta kankama a wancan gefen, ya karkato wajen Wobbe ya rage murya.

"Ranar Talata ƙarfe nawa kuke fita?"

"In kowa ya gama shan maganinsa."

"Wa ke zaɓa muku hanya?"

Wobbe ya haɗiye lomarsa, ya goge baki. Ba da mugunta ya amsa ba, gaskiya ce kawai.

"Ai ba a zaɓa. Inda kofi ya fi daɗi nan muke nufa. Mu iska ba ta dame mu ba."

Douwe ya gyaɗa kai. Ta taga ana hango hasumiyar coci, idonsa ya tafi can da kansa kamar yadda ya saba. Zakaran na fuskantar gabas, kuma daga yadda gajimare ke taruwa ya san kafin dare za ta koma kudu, gobe a tashi da ruwa. Ya buɗe baki zai faɗa, ya duba teburin, kowa na cin kek. Sai ya ja kujerarsa ya juya wa tagar baya, ya ɗauki cokali.